Shin DeBoer zai bar Washington ya gaji kujerar Saban a Alabama?

Baban Amira (Laraba, 10 ga Janairu, 2024, da dare)

Assalamu alaikum jama'a. Wanda bai ji ba ya ji: Nick Saban ya ajiye aikin horar da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Alabama yau, yana da shekara 72, bayan kaka 17 da kofin ƙasa shida a can. Ko sanarwar ba a gama karantawa ba aka fara jero sunayen waɗanda za su gaje shi, kuma sunan kocinmu na Jami'ar Washington, Kalen DeBoer, yana ciki. Ni dai ra'ayina kada ya tafi, kuma ba don ina goyon bayan ƙungiyar kawai nake faɗa ba.

Ku duba yadda ya same mu. A 2021 wasa 4 muka ci aka ci mu 8, har aka sallami kocinmu na lokacin, Jimmy Lake, tun kaka ba ta ƙare ba. DeBoer ya zo daga Fresno State, shekarar farko ya ci 11 aka ci shi 2, ta biyu ya ci 14 a jere. Oregon sau uku ya kara da su, sau uku ya kayar da su. Texas sau biyu. Shekaranjiya Litinin ne kawai Michigan ta tsayar da mu a wasan ƙarshe, 34 da 13. Mutumin da ya gina abu haka da hannunsa cikin shekara biyu, me zai kai shi gidan da wani ya riga ya gina ya shafe, inda duk abin da ya yi za a ce ai Saban ya fi haka?

A yau ɗin nan kuma Seahawks, ƙungiyar ƙwararru ta garinmu Seattle, suka sanar da cewa kocinsu Pete Carroll ya sauka. Garin Seattle ba ya cikin walwala ko kaɗan.

Ɗan Fagge

Wa alaikumus salam Yaya. Ku yi mini uzuri, ni ɗan Firimiya ne, wannan ƙwallon ta Amurka bana na fara kallonta, wasan Litinin ma sai ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka fara shi a nan Kano. Abin da ban gane ba, makaranta ce fa da makaranta. Me Alabama ta fi Washington da shi, har koci zai bar ƙungiyar da ta je wasan ƙarshe ya koma wadda ba ta je ba?

Kawu Na-Birmingham

Ɗana, tambayarka ta yi kyau. Na daɗe a jihar nan, bari in gaya maka abin da ido ya gani.

Jihar Alabama ba ta da ƙungiya ko ɗaya a gasar ƙwararru ta NFL. Saboda haka duk son ƙwallon da ke zuciyar mutanen nan a kan makarantu biyu ya taru, Alabama da Auburn. Ranar Asabar in ana wasa a Tuscaloosa, garin da Jami'ar Alabama take, filin Bryant-Denny yana ɗaukar mutum kusan 100,000, kuma waɗanda ke waje cikin rumfuna suna gashin nama ba su da iyaka. A bakin filin akwai mutum-mutumin kowane kocin da ya ciyo musu kofin ƙasa: Wallace Wade, Frank Thomas, Bear Bryant, Gene Stallings, sai Saban. Mutanen da ba su taɓa taka ajin jami'ar ba suna shirya bikin aurensu ta yadda ba zai faɗo ranar wasa ba.

Na biyu, yara. Mafi yawan manyan 'yan wasan sakandare a kudu suke, Georgia da Florida da Louisiana da Texas da nan Alabama. Kocin Alabama mota kawai zai shiga ya isa gidajensu. Kocin Washington sai ya hau jirgi zuwa California ya yi ta lallashin yaro ya zo garin ruwan sama.

Na uku, kuɗi. Saban ya haura dala miliyan 11 a shekara. DeBoer miliyan 4.2 ya karɓa bana. Baban Amira ƙanena ne kuma ina jin zafinsa, amma in aka kira DeBoer, zai tafi, kuma ban ga laifinsa ba.

Baban Amira

Kawu, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ka bar rabin tarihin gidanku. Da Bryant ya sauka a ƙarshen 1982, bayan shi ma ya ciyo kofi shida, wa ya ji daɗin kujerar? Ray Perkins kaka huɗu ya yi ya koma NFL. Bill Curry ya ci wasa 10 a 1989, amma da yake sau uku Auburn tana doke shi, zaman bai yiwu ba, ya tattara ya koma Kentucky. Sai 1992 Stallings ya dawo da kofi, shekara goma bayan Bryant. Bayansa kuma aka sake shiga rububi, DuBose, Franchione, Mike Price da ko wasa ɗaya bai jagoranta ba aka sallame shi, Mike Shula. Saban kansa a 2007 wasa 7 ya ci aka ci shi 6, har Louisiana-Monroe ta zo gida ta doke shi, amma an yi masa haƙuri saboda ƙungiyar a kwance ya same ta. Wanda zai zo yanzu a tsaye zai same ta, babu wanda zai yi masa wannan haƙurin. Ya ci 9 ko 10 a Seattle, a ce madalla. Ya ci 9 a Tuscaloosa, a fara kiran gidajen rediyo ana neman a kore shi.

Ɗan Fagge

To yanzu na gane, wannan ai mun gani a Manchester United. Ferguson ya tafi a 2013 da kofin Firimiya 13, aka ɗauko David Moyes wanda ya yi shekara 11 a Everton ana ganin girmansa. Kwantiragin shekara shida aka ba shi, wata goma ya yi aka sallame shi. Ferguson yana zaune a sama yana kallo, duk sanda aka zura mana ƙwallo sai kyamara ta juya kansa. In haka ne, ina bayan Yaya Baban Amira.

Kawu Na-Birmingham

Akwai bambanci, ɗana. Moyes bai taɓa ɗaga babban kofi ba kafin ya je. Shi wannan duk inda ya sa ƙafa sai ya ci. A Sioux Falls, makarantar da ya yi karatu a jiharsu ta South Dakota, daga 2005 zuwa 2009 wasa 67 ya ci aka ci shi 3, da kofin ajinsu har sau uku. In ka haɗa duka aikinsa na babban koci, 104 da 12 ne. Kuma bai yi tsalle ba, ya yi shekara goma yana mataimaki a Southern Illinois da Eastern Michigan da Fresno State da Indiana, wuraren da babu mai kallonsu a talabijin. Mutumin da ya sha wannan wahalar, yana da shekara 49, a ce masa ga kujerar da ta fi kowace a ƙasar, ya ce yana tsoron inuwar Saban? Wanda ke tsoro irin wannan ba ya kai wa inda DeBoer ya kai.

Injiniya Houston (Alhamis, 11 ga Janairu)

Salam. Ni ina cikin filin ranar Litinin, kuma abin da na gani ne ya sa nake ganin zai tafi.

Tun zangon farko Donovan Edwards na Michigan ya ɓalle da gudu sau biyu, kowanne sama da yadi 40, babu wanda ya taɓa shi. A ƙarshe sun tara yadi 303 a ƙasa kawai. In kana kusa za ka ga abin da talabijin ba ya nunawa: ƙartin gaban Michigan suna ture na Washington baya, in wani ya gaji a sako wani mai girmansa. Michael Penix, mai jefa ƙwallon Washington, kuwa duka ya sha. Da aka tashi na ga ya nufi ɗakin canja kaya yana dafe da haƙarƙari, tawul a kansa, da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Yaron nan ya yi jifa na yadi 4,903 bana, ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, bayan raunukan da suka katse masa kaka huɗu a Indiana, har da tsinkewar jijiyar gwiwa sau biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

To Penix ya gama, shekarunsa na makaranta sun cika. Rome Odunze, ɗan'uwanmu wanda asalin mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya cafe ƙwallo 92 na yadi 1,640, kowa ya san NFL zai tafi. Da yawa daga cikin ginshiƙan ƙungiyar haka. Baɗi kuma Washington za ta shiga rukunin Big Ten, inda Michigan da Ohio State da Penn State suke. DeBoer ya fi kowa sanin cewa darajarsa ba za ta taɓa fin ta wannan makon ba. In ya zauna ya ci wasa 7 baɗi, Alabama ba za ta sake waiwayarsa ba.

Baban Amira

Injiniya, ai maganarka hujjata ce. In don manya sun tafi shi ma zai tafi, to ƙananan da ya tara fa? Yanzu ne ake bukatarsa.

Ga wani labari mai daɗi da marar daɗi: Dan Lanning na Oregon ya fitar da bidiyo ɗazu cewa yana nan ba ya zuwa ko'ina. Shi ne aka fi ambata jiya. Yanzu ido zai ƙara dawowa kanmu. Abin da nake so in gani daga DeBoer ke nan, kalma ɗaya tak. Har yanzu shiru.

Maman Faruk

Assalamu alaikum. Ina ta karantawa tun jiya ban sa baki ba, amma yanzu an zo inda ya shafe ni.

Baban Amira, ko ya fito ya ce yana nan, kada ka saki jiki. A Disambar 2006 Saban yana kocin Miami Dolphins ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ba zai zama kocin Alabama ba. Farkon Janairun 2007 ya sauka a Tuscaloosa. Brian Kelly a 2021, Notre Dame ta ci 11 an ci ta 1, tana jiran ko za a saka ta cikin huɗun ƙarshe, yara suka ga labarin tafiyarsa LSU a intanet kafin saƙonsa ya iso wayoyinsu da dare. Washegari da sassafe ya yi musu jawabi na 'yan mintuna ya fita. A wancan makon dai koci Lincoln Riley ya bar Oklahoma ya tafi USC.

Ni ɗana yana buga ƙwallon nan a sakandare a nan Ohio, kuma na zauna a falon wata maƙwabciyata ranar da masu horarwa na wata jami'a suka zo neman ɗanta. Sun cire takalma a bakin ƙofa, sun ci abincinta sun yaba, babban cikinsu ya riƙe hannunta ya ce ɗanki ɗana ne har ya gama karatu. Matar nan aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi, ba ta san komai game da tsarin wasa ba, mutumin ta gani ta yarda da shi. Yaron bai gama shekarar farko ba kocin ya samu wuri mafi tsoka ya tafi. Wanda ya zo ya ce salon wasansa daban ne, yaron bai dace da shi ba.

Ku duba Washington yanzu. Ranar 20 ga Disamba yara 'yan shekara 17 da 18 suka sa hannu za su zo wurin DeBoer, ko wata guda ba a yi ba. Will Rogers ya baro Mississippi State a watan jiya, shekara ɗaya ta rage masa, ya ketare ƙasar gaba ɗaya don ya gaji Penix a hannun wannan kocin. In DeBoer ya tafi gobe, me za a ce masa? Kuna ta lissafin kofi da miliyoyi, ni waɗannan nake gani.

Kawu Na-Birmingham

Hajiya, Allah ya raya mana Faruk. Da a ce shekara goma da suka wuce kike wannan magana, da ban ce uffan ba. A lokacin koci ya tafi ya karɓi albashinsa washegari, yaro kuwa in ya sauya makaranta sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Amma tun 2021 an sauya. Yaro yana iya sauya sheƙa ya buga nan take, kuma tun Yulin shekarar aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu. In koci ya tafi, ana buɗe wa 'yan wasansa kwana 30 su shiga rajistar masu neman sauya makaranta. Mu nan ma abin yana cinmu: Ryan Williams, ɗan sakandaren da ya fi kowa tashe a jihar nan, jiya da dare ya janye alkawarin zuwa Alabama da jin Saban ya sauka. Shi ya sa daraktan wasanninmu Greg Byrne ya roƙi 'yan wasa su ba shi awa 72. Kowa yanzu yana da ƙafar tafiya.

Maman Faruk

Kawu, da girmanka, ƙafar ba ɗaya ba ce. Kwana 30 a tsakiyar Janairu? An riga an koma aji. Kowace makaranta gurbin tallafin karatu 85 gare ta, kuma tun Disamba suka cike abinsu. Irin su Ryan Williams ko ƙarfe biyun dare suka ce suna nema, waya ba za ta huta ba. Amma a ƙungiya mai mutum sama da ɗari, taurari nawa ne? Yaron da yake na uku a layinsa, wanda tallafin nan ne kaɗai hanyarsa ta samun digiri, in ya shiga rajistar makarantarsa tana iya janye tallafin a ƙarshen zango, kuma babu tabbacin wata za ta ɗauke shi. In ma ya samu, ba duk darussan da ya ci za a karɓa ba. Shi kuwa koci, an ce diyyar warware kwantiragin DeBoer dala miliyan 12 ce, kuma ba daga aljihunsa za ta fita ba. Jimbo Fisher da Texas A&M ta kora a Nuwamba saboda bai yi abin kirki ba, sama da miliyan 75 za a biya shi ya zauna a gida. Wane yaro ne ake biya in an sallame shi?

Injiniya Houston

Hajiya ta faɗi gaskiya, ban da abin ƙarawa. Sai dai laifin na kalandar ne kafin ya zama na DeBoer. Ranar sa hannun yara tana zuwa kafin a gama kaka, ɗaukar koci yana zuwa bayanta. Duk kocin da zai tashi, dole ya tashi bayan ya sa yara sun sa hannu.

Baban Amira

Kalanda ba ta hana mutum faɗin gaskiya, Injiniya. Abin da ke ƙara tayar mini da hankali shi ne sabon kwantiragi yana kan tebur tun kafin a gama kaka, rahotanni sun ce an kai masa tayin sama da miliyan 9, ninki biyu na abin da yake karɓa, bai sa hannu ba. Da aka tambaye shi sai ya ce hankalinsa yana kan wasanni. Jen Cohen, daraktar wasanninmu da ta ɗauko shi, ta koma USC a watan Agusta, Troy Dannen da ya gaje ta a Oktoba ya zo, ba su daɗe da sanin juna ba. Sannan wakilinsa yanzu Jimmy Sexton ne, wanda shi ne wakilin Saban, shi ne na Sarkisian na Texas, shi ne na Mike Norvell na Florida State. Mutum ɗaya yana riƙe da wanda ya sauka da waɗanda ake nema. Duk wanda aka ambaci sunansa a makon nan, ko ya tafi ko ya zauna, albashinsa sai ya ƙaru.

Abin da ke ɗan kwantar mini da rai ɗaya ne. Bara Saban ya nemi Ryan Grubb, mai tsara harin DeBoer, ya je Tuscaloosa ya gani ya dawo Seattle. Wataƙila maigidansa ma haka.

Kawu Na-Birmingham

Ƙanena, bari in taɓo inda ba ka so. Kana maganar amana. A 1915 aka kafa rukunin makarantun gaɓar yamma, Washington tana cikin waɗanda suka kafa shi. Ranar 4 ga Agustan bara Washington da Oregon suka tashi suka koma Big Ten saboda kuɗin talabijin, kafin dare ya yi rukunin, wanda ake kira Pac-12, ya watse. Washington State, 'yar'uwarku ta jiha ɗaya da kuka fi shekara ɗari kuna karawa, da Oregon State, aka bar su su biyu a fili. Wa ya tambayi yaransu? Wa ya tambayi 'yan wasan raga da na guje-guje na Washington da yanzu za su riƙa tashi daga Seattle zuwa New Jersey da Maryland a tsakiyar mako? Jami'ar da ta yi wannan don kuɗi, da wane baki za ta ce wa ma'aikacinta kada ya yi?

Baban Amira

Kawu, wannan ta shige ni, kuma tun a Agusta na faɗa a zauren nan cewa abin da aka yi wa Washington State bai yi mini daɗi ba. Amma jami'a ta tashi ne daga gidan da rufinsa ke ruftawa, USC da UCLA sun riga sun sanar da ficewarsu tun 2022, babu kwantiragin talabijin na kirki. DeBoer ba abin da ke rufto masa. Kuma kaso kaɗan za a riƙa ba mu a Big Ten a shekarun farko, kusan miliyan 30, abin da bai kai na tsofaffin 'yan rukunin ba. Da ƙarancin kuɗi za mu shiga cikin manya, abin da muke taƙama da shi kocin ne.

Akwai wata hanyar zama babba ban da bin babbar kujera. Don James ya zo Washington a 1975 ya zauna kaka 18, ya kai mu kofin ƙasa na 1991 da muka raba da Miami. Mutum-mutuminsa yana bakin filinmu. Kuma Kawu ka sani, shi wannan Don James ɗin shi ne ya horar da Saban a Kent State, shi ya fara ba shi aikin koci. Malamin gwaninku a nan ya yi zamansa har ya gama. Duk wanda ya taɓa zama a filinmu na Husky ranar Asabar, jiragen ruwa sun cika tafkin da ke gefe, mutum 70,000 suna buga ƙafa har rumfar tana rawa, ya san ba ƙaramin wuri ba ne. Sarkisian ya bar mu ya tafi USC a 2013, kaka biyu bai cika ba a can.

Ɗan Fagge (Juma'a, 12 ga Janairu)

Barkanmu da Juma'a. Yaya, na ga ana cewa Norvell ya ce yana nan a Florida State, an ƙara masa albashi. Saura wa ke nan?

Baban Amira

Saura namu. Da safen nan ya kamata ya shiga wani shirin rediyon wasanni na Seattle, an ɗage. Jikina ya yi sanyi.

Injiniya Houston

An gama. Manyan kafafen wasanni duk sun tabbatar, DeBoer ya karɓi aikin Alabama. An kira 'yan wasan Washington taro ya sanar da su. Kwana huɗu ke nan da wasan ƙarshe.

Baban Amira

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan zage shi ba, ya ba mu shekara biyu da ba mu taɓa zaton gani ba, wasan Oregon na Oktoba da aka tashi 36 da 33 ba zan manta da shi ba har abada. Amma ina nan a kan bakana. Yaran da suka dawo daga Houston ranar Talata da ciwo a jiki sun cancanci fiye da taron rabin yini. Amira ta tambaye ni ɗazu ko laifi muka yi masa da aka ci mu, na rasa amsar da zan ba ta.

Kawu Na-Birmingham (Asabar, 13 ga Janairu)

Ka yi haƙuri ƙanena, Allah ya ba ku wanda ya fi shi. Jiya da dare cikin sanyin nan mutane suka cika filin jirgin Tuscaloosa suna jiransa. Yau aka gabatar da shi, Saban da matarsa suna zaune a sahun gaba, kuma an ce zai ci gaba da riƙe ofis a cikin filin wasan. Ɗan Fagge, na tuna da maganarka ta kyamara. Ban ɓoye muku ba, aiki na gabansa: Isaiah Bond, wanda ya cafe ƙwallon da ta kayar da Auburn a Nuwamba, ya riga ya shiga rajistar tafiya, kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Mutumin bai taɓa aiki a kudu ba, sai ya koyi gidajen malaman sakandare ɗaya bayan ɗaya. Amma daga kaka mai zuwa ƙungiya 12 za su riƙa shiga zagayen cin kofi maimakon 4, wannan zai rage masa nauyi.

Baban Amira (Lahadi, 14 ga Janairu)

Mun samu koci. Jedd Fisch daga Arizona. Ya same su a ƙasa warwas, shekararsa ta farko wasa 1 ya ci, bana ya ci 10 har ya doke Oklahoma a wasan rufe kaka. Abokan aikina suna ta murna. Ni ma na ji sanyi, amma tun da na ga hotunan magoya bayan Arizona a Facebook murnar ta ragu.

Maman Faruk

To ka gani. Abin da Alabama ta yi muku ranar Juma'a kun yi wa Arizona ranar Lahadi, su ma cikin makon nan za su je su ɗauko na wata ƙaramar makaranta, ita ma ta ɗauko na wadda ba ta kai ta ba. Tsoho ɗaya ya yi ritaya, yaran makarantu huɗu ko biyar sun wayi gari ba su san wanda zai horar da su ba. Ni dai na zaunar da Faruk jiya na ce masa in lokacinsa ya yi, makarantar da zai iya zama a cikinta ko babu ƙwallo za mu duba, da fannin da zai karanta, kuma duk kocin da ya shigo falona sai na tambaye shi shekara nawa suka rage a kwantiraginsa da nawa ne diyyar fitarsa. Babansa yana ganin na tsananta, ni ban ga haka ba.

Ɗan Fagge

Allah ya saka, Hajiya. Kawu, yaushe za a fara sabuwar kaka? Ina so in ga yadda za ta kaya da shi.

Kawu Na-Birmingham

Ƙarshen Agusta, ɗana. Amma ranar da za ka tanadi barcinka ita ce 28 ga Satumba, Georgia za ta zo Tuscaloosa. Su Baban Amira kuma Michigan za ta je musu Seattle mako guda bayan nan, 5 ga Oktoba.

Baban Amira

In Allah ya kai mu ina cikin filin. Yanzu dai jerin sunayen 'yan wasanmu nake bi ina duba wanda ya shiga rajistar tafiya. Will Rogers ya shiga tun ranar Juma'a, ana fatan Fisch zai shawo kansa. Wanda ya ji wani sabon labari a kansa ya sanar da mu.